Ciyawar Zoyisiya da Tanadin Barcinta na Hunturu

  

Mas'alar da zan yi bayani a kanta yau ta shafi wata ciyawa ce da ake shukawa da gangan a farfajiyar gidaje da filayen wasanni na wasu ƙasashe, ana yi mata taki, ana ba ta ruwa, ana yi mata aski a kan ƙa'ida. Na san manomin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana faɗa da ciyawa da fartanya zai ji abin banbaraƙwai, amma duk wanda ya zauna a kudancin ƙasar Amurka, ko ya ga lambunan Japan da kaburburan Koriya da aka lulluɓe da ita, ya san cewa renon wannan tsiro fanni ne mai zaman kansa, yana da malamansa da littattafansa da saɓanin ra'ayinsa. Sunanta zoyisiya, kuma abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne yadda ake shirya ta kafin ta shiga barcin hunturu, musamman sha'anin taki, domin a nan ne galibin masu ita suke yi mata illa alhali suna nufin alheri.

Asalinta daga gabashin Asiya ne, wato Japan da Koriya da ƙasar Sin da tsibiran Filifin, har zuwa gaɓar tekun da ke kudu da su. Masanin tsirrai na Jamus, Willdenow, shi ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1801, domin tunawa da wani masani da ake kira Karl von Zois, wanda ya rasu a 1799. Daga baya aka kai ta Amurka, inda wani ma'aikacin hukumar aikin gona mai suna Frank Meyer, mutumin da ya yi shekaru yana yawo a ƙasa a cikin Asiya yana tattara irin shuka, har ajalinsa ya same shi a kogin Yangtze a 1918, ya kasance cikin waɗanda suka tara irinta a Koriya. Shi ya sa da aka fitar da wani zaɓaɓɓen nau'i a 1951 aka sa masa sunan Meyer, kuma har yau shi ne abin kwatance wajen jure sanyi. A 1955 aka fitar da wani mai laushin ganye da ake kira Emerald, sannan wasu suka biyo baya, har da Zeon wanda aka shimfiɗa a filin wasan golf na gasar Olimfik ta birnin Riyo a 2016. Wannan ya isa game da tarihi.

Abin da ya wajaba mu fahimta tun farko shi ne ɗabi'ar da Allah ya halicce ta a kai. Zoyisiya ciyawar zafi ce, kuma hanyar da ganyenta ke bi wajen sarrafa hasken rana ya zama abinci ita ce hanyar da gero da dawa da masara da rake suke bi, don haka ba ta samun nishaɗin girma sai zafi ya kai tsakanin digiri 27 da 35 a ma'aunin Salshiyos. Idan yini ya ƙara gajarta a watan Satumba, dare ya fara sanyi, sai girmanta ya ja baya. Idan zafi ya sauko ƙasa da kamar digiri 10 zuwa 13 ya zauna a nan, sai ta tsaya cik. Ranar kuwa da raɓa ta daskare a kanta da asuba, sai koren ya tafi, filin duka ya koma launin kara, ya zauna haka har watan Afrilu ko Mayu gwargwadon wurin. Mu a nan mun san makamancin wannan hali a kirikiri, wadda takan bushe ƙayau da rani sannan ta farfaɗo da ruwan farko, sai dai sababin ya bambanta: tamu ƙishirwa ke kwantar da ita, tasu kuwa sanyi ne. Ko a Jos, inda hunturu ke da ƙarfi, ƙasa ba ta daskarewa, saboda haka lissafin watannin da zan kawo na Amurka ne, na jihohi irin su Jojiya da Karolina da Teksas da Misuri da Kansas, inda shekara ke da fasali huɗu: bazara daga Maris zuwa Mayu, zafi daga Yuni zuwa Agusta, kaka daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan hunturu.

To, ina ran yake tafiya idan ganye ya bushe? Zoyisiya tana yaɗuwa ne ta hanya biyu, da yaɗo masu rarrafe a bisa ƙasa, da wasu jijiyoyi masu kauri da ke tafiya a ƙarƙashinta, kuma a cikin waɗannan, tare da gindin da ganye ke fitowa daga gare shi, take ajiye sukari da sitacin da ta tara. A makonnin ƙarshe na kaka, tun ganye yana kore amma girma ya ragu, abincin da ake sarrafawa ba ya tafiya wajen sabon toho, sai ya gangara ƙasa a ajiye, kamar yadda magidanci ke cika rumbu da kaka domin abin da iyali za su ci har a kai ga wata damina. A daidai wannan lokaci kuma ruwan da ke cikin ƙwayoyin jikinta yana raguwa, sukarin yana ƙaruwa, kuma tun da ruwa mai sukari ba ya saurin daskarewa, sai gindin ya sami kariya daga ƙanƙarar da kan fasa ƙwayoyin tsiro. Masu bincike a jami'ar Purdue sun gwada nau'o'i daban-daban a cikin injin sanyi, suka tarar Meyer yana iya kaiwa wajen digiri 11 ƙasa da sifili kafin rabinsa ya mutu, alhali masu laushin ganye suna halaka tun kafin a kai nan. Amma wannan juriya ba ta samuwa sai an bar ciyawar ta bi matakan shirinta a hankali, ba tare da an ruɗa ta ba.

Abin da ke ruɗa ta kuwa shi ne naitirojin idan aka ba ta shi a makare. Kun san buhun takin zamani yana ɗauke da lambobi uku, irin 15-15-15 da muka saba gani a kasuwanninmu: ta farko naitirojin, ta biyu fosforas, ta uku fotash. Naitirojin shi ne mai kawo kore da tsawon ganye, shi ne kuma ke cike da yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata shi ne. Idan mai fili ya ga ciyawarsa ta fara kodewa a watan Oktoba, tausayi ya kama shi, ya watsa mata taki mai naitirojin, to, ciyawar za ta amsa, domin ƙasa tana da sauran ɗumi. Za ta fitar da sabon ganye mai taushi cike da ruwa, kuma abincin da za ta gina wannan ganye da shi daga cikin ajiyarta za ta ɗebo shi. Bayan mako biyu ko uku sai raɓar ƙanƙara ta sauko ta ƙone ganyen, ajiyar ta ragu, gindin bai gama taurara ba, hunturu kuma yana gaba da watanninsa. Ɓarnar ba za ta bayyana a lokacin ba, tun da filin kowa launin kara ne. Sai a watan Mayu, lokacin da na maƙwabci ya yi kore shar, shi kuma nasa ya tashi da tabo-tabo, sannan ya shiga neman dalili a wurin da babu shi.

Saboda haka ƙa'idar da malaman aikin gona na jami'o'in wannan yanki suka yi ittifaƙi a kanta ita ce a tsayar da naitirojin tun da sauran kamar mako shida kafin ranar da aka saba ganin raɓar ƙanƙara ta farko. A wuraren da ke kan tudu ko suke can arewa, wannan yana nufin tsakiyar Agusta; a bakin teku, inda ɗumi ke daɗewa, ana iya kaiwa farkon Satumba. Kuma ko a lokacin girmanta zoyisiya ba mai yawan ci ba ce: kimanin kilo 1 na zallar naitirojin a kan kowane murabba'in mita 100 ya ishe ta a shekara a yawancin wurare, a raba shi kashi biyu ko uku tsakanin Mayu da Agusta, kada a zuba fiye da rabin kilo a lokaci guda, wanda ya yi daidai da yuriya kilo 1 da 'yan kai. Wanda ya wuce haka israfi ya yi, kuma zai biya da yawan yanka da yawan cuta.

A nan akwai wani tarko da ya kamata in yi gargaɗi a kansa da babbar murya, domin yana kama mutane masu hankali. Da zarar kaka ta shiga, shagunan can sukan cika da buhunan da aka rubuta musu cewa takin shirin hunturu ne, kuma da yawa daga cikinsu lambarsu ta farko babba ce ƙwarai. Ba ƙarya aka yi ba, sai dai an haɗa su ne domin wata ciyawa daban, irin ta ƙasashen sanyi, wadda kaka ce lokacin ƙarfinta, take zama kore har cikin hunturu, kuma naitirojin na Oktoba da Nuwamba yana yi mata amfani na haƙiƙa. Mai zoyisiya da ya sayi wannan buhu don ya ga kalmar hunturu a jikinsa ya ɗauki hukuncin wani ya ɗora wa wani, alhali illar hukuncin ba ɗaya ba ce. Abin da zai duba shi ne lambobin nan uku, kuma idan ta farko ta fi sifili da yawa, ya mayar da buhun inda ya ɗauko shi.

Sai fotash, wanda shi ne takin da ya dace da wannan lokaci, amma shi ma da sharaɗi. Aikinsa a jikin tsiro shi ne daidaita ruwan da ke cikin ƙwayoyi, da buɗewa da rufewar ƙananan ƙofofin ganye, da taimaka wa sukari ya yi tafiya daga sama zuwa saiwa, don haka ciyawar da ta rasa shi takan yi rauni gaban sanyi da fari da cuta. Idan an tabbatar ƙasa ta gaza a kansa, ana zuba kimanin rabin kilo na zallarsa a murabba'in mita 100, mako huɗu zuwa shida kafin raɓar ƙanƙara, tun saiwa tana iya sha; wato wajen giram 800 na takin da aka rubuta wa 0-0-60, ko kilo 1 na mai 0-0-50, a watsa a kan busasshen ganye, a bi shi da ruwa nan take don kada gishirinsa ya ƙone ta. Ƙasa mai yashi, irin ta Fulorida da bakin tekun Jojiya, ita ta fi buƙatarsa, saboda ruwan sama yana wanke shi da sauri. Amma ina so ku riƙe wannan da kyau: idan ƙasa tana da isasshen fotash, ƙari a kansa ba ya ƙara wa ciyawa juriyar sanyi, kuɗi ne kawai aka zubar. Ni a ganina, babu uzuri ga mai fili da zai yi ta zuba taki shekara da shekaru a kan zato, alhali ofisoshin malaman gona na waɗannan jihohi suna gwada ƙasa a kan kuɗi kaɗan, su gaya masa abin da ke ciki da abin da babu. Gwajin nan kuma shi zai nuna tsamin ƙasar, wanda aka fi so ya tsaya tsakanin 6 da 6.5, kuma idan tsamin ya yi yawa, wato lambar ta yi ƙasa da haka, kaka lokaci ne mai kyau na zuba garin farar ƙasa, tun da yana ɗaukar watanni kafin ya yi aiki. Fosforas kuwa kada a taɓa shi sai gwaji ya nema, domin rararsa tana bin ruwa ta gurɓata tafkuna. Wanda kuma ransa ya kasa haƙura da kodewar ganye, yana iya fesa sinadarin ƙarfe, wanda ke ƙara kore na ɗan lokaci ba tare da ya tunzura girma ba.

Dalili na biyu da ya sa ake tsoron naitirojin na kaka shi ne wata cuta da ita ce babbar abokiyar gabar zoyisiya. Wata fumfuna ce da masana ke kira Rhizoctonia solani, tana zaune a cikin ƙasa duk shekara, ba ta iya komai lokacin da ciyawa ke cikin ƙarfinta, sai zafin ƙasa ya sauko wajen digiri 21, ciyawa ta fara kasala, damshi ya yawaita, sannan ta kama kuben ganye daga gindi ta ruɓar da shi. Alamarta manyan da'irori ne, wasu faɗinsu ya wuce mita ɗaya, wasu ya kai mita da yawa, bakinsu da launin ruwan goro, kuma idan ka ja ganye daga gefen da'irar sai ya zare ba wuya, gindinsa ya yi baƙi. Tana son taushin ganyen da naitirojin ya haifar, tana son ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta, tana son filin da aka aske ƙwarai. Filin da ya taɓa kamuwa galibi a wuri guda take komo masa kowace shekara, kuma a nan ne maganar magabata ta rigakafi ya fi magani take tabbata a zahiri, domin feshin da aka yi da kaka, lokacin da ma'aunin zafi da aka soka a ƙasa ya nuna digiri 21, a maimaita bayan kamar wata guda, ya fi feshin bazara amfani nesa ba kusa ba, tun da a bazara ɓarnar ta riga ta auku. Filin da bai taɓa kamuwa ba kuwa, ban ga hujjar yi masa feshi ba.

Sha'anin ruwa yana bin wannan. Lokacin zafi ciyawar tana buƙatar abin da ya kai santimita 2 da rabi a mako, har da na sama, amma da kaka buƙatar tana raguwa ƙwarai, kuma injin ban-ruwa da aka saita tun watan Yuli aka manta da shi yana cikin manyan masu kiran cutar da na ambata. A rage, a kuma bayar da sassafe domin ganye ya bushe kafin dare. Sai dai kada a ɗauka mai barci ba ya jin ƙishirwa: idan hunturu ya zo da fari da iska, aka yi mako uku ko huɗu babu ruwan sama, gindin yana iya bushewa ya mutu, don haka a ba shi ruwa kaɗan a ranar da rana ta fito, ƙasa kuma ba ta daskare ba. Ƙasa mai ɗan damshi ma ta fi busasshiya riƙe ɗumi a daren tsananin sanyi.

Game da yanka, tsawon da aka saba bari shi ne santimita 2 da rabi zuwa 5, gwargwadon nau'i, kuma ba a cire fiye da sulusin ganye a yanka guda. Idan kaka ta shiga yana da kyau a ɗaga wuƙar injin da kamar santimita 1, domin ganye ya sami faɗin karɓar hasken da ke raguwa, kuma idan ya bushe ya zama rufi ga gindi. A ci gaba da yanka har girma ya tsaya da kansa. Ganyayen itatuwa da ke zubowa kuwa a kwashe su ko a niƙe su da injin, kada su kwanta su toshe haske su tara damshi.

Akwai ayyuka biyu masu amfani a lokacinsu waɗanda ke zama ɓarna da kaka, kuma na ga ya dace in ambace su tare. Zoyisiya tana tara wata shimfiɗa ta matattun yaɗo da kara tsakanin ganye da ƙasa, saboda jikinta yana da tauri, ba ya saurin ruɓewa, kuma idan kaurin shimfiɗar ya wuce santimita 1 da 'yan kai, sai saiwa ta riƙa zama a cikinta maimakon ƙasa, inda sanyi ya fi samunta. Maganin shi ne a kankare ta da inji, a kuma huda ƙasa domin iska ta shiga. Amma dukansu raunata ciyawa ne, kuma rauni ba ya warkewa sai da girma, saboda haka lokacinsu ƙarshen bazara ne ko farkon zafi. Haka nan al'adar watsa irin ciyawar sanyi a kan fili domin ya zauna kore da hunturu, wadda ake yi wa wasu ciyayin zafi, ba ta dace da zoyisiya ba, domin tana da nawar farfaɗowa, baƙuwar kuma za ta tare mata haske da abinci daidai lokacin da take ƙoƙarin tashi. Masu filayen golf da dama sun koma fesa wa busasshiyar ciyawa koren rini maras illa, wanda ke ba ido abin da yake so ba tare da an taɓa saiwa ba.

Baƙin haki na hunturu, wanda ke tsirowa da kaka ya yi kore a tsakiyar busasshen fili, ana tare shi ne da maganin da ke hana iri tsira, a zuba shi a watan Satumba ko farkon Oktoba, kuma a kula ƙwarai kada a sayi wanda aka gauraya da taki mai naitirojin, domin da yawa haka ake sayar da su. Idan kuma barcin ya kankama, a rage tattaka filin, musamman da asubar da raɓa ta daskare, kada a ajiye mota a kansa, domin abin da ya karye a Disamba ba shi da mai gyara shi sai Mayu.

Da bazara kuma haƙurin nan dai ake buƙata. Ɗan ɗumin da kan zo a watan Maris yakan sa toho ya leƙo, mai fili ya yi ɗoki ya ɗauko buhu, sai kuma sanyi ya komo ya ƙone abin da ya fito, cutar fumfuna ma ta sami abin da take so. Abin da ya dace a yi a lokacin shi ne a sauke wuƙar injin a aske busasshen kara a kwashe, domin rana ta kai ga ƙasa ta ɗumama ta, sannan a jira har filin ya yi kore gaba ɗaya, an yanke shi sau ɗaya ko biyu, zafin ƙasa ya zauna a wajen digiri 18, wanda a mafi yawan waɗannan jihohi yakan kasance daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Mayu. A lokacin ne ake ba ta naitirojin na farko, rabin kilo a murabba'in mita 100, a bi shi da ruwa.